Unguwa mai sauƙin haya da makarantar gwamnati mai kyau

Ɗan'uwa, ka ce aiki zai mayar da ku wani gari, kana neman unguwa a gefen birni mai sauƙin haya, wadda makarantar gwamnatinta za ta riƙe maka yara uku. A ganina makarantar za ka fara nema, gida ya biyo baya.

A ƙasashe da dama adireshin gida ne ke yanke makarantar da za ta ɗauki yaro. Iyakar ma takan ratsa tsakiyar titi, gida biyu na kallon juna amma makarantunsu daban. Kada ka tsaya ga maganar dillali, ka tambayi ofishin ilimi na yankin kafin ka sa hannu.

Sakamakon jarrabawa kaɗai yakan ruɗi mutum, domin sau da yawa ƙarfin aljihun iyaye yake nunawa, musamman masu ɗaukar malamin gida. Ka je da ƙafarka ranar karatu. Ƙirga yaran aji ɗaya, ka tambayi shekara nawa malamai suka yi a wurin. Inda malamai ke tafiya duk shekara, akwai abin da ke korarsu. Leƙa banɗaki ma, ni nan nake gane kulawar shugaban makaranta. Lokacin tashi ka tsaya bakin ƙofa, iyaye za su faɗa maka gaskiya.

Batun kuɗi kuwa, an saba ba da shawarar kada gida ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da kake samu. Haɗa da kuɗin mota, don nisa kan cinye arhar. Ka fara da hayar shekara ɗaya kafin ka yi maganar saye.