Hukuncin gwada man shafawa a kan fatar da aka raina a ɗakin gwaji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Daura nake, ina haɗa man shafawa da man kaɗanya da lemun tsami ina sayarwa. Wata ta saya ta shafa, ta shiga rana, kumatunta suka yi bororo, daga baya suka bar baƙin tabo. An ce in aika a gwada man, amma wai a kan fatar mutum da aka raina a ɗakin gwaji ake yi. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ya halatta, da sharuɗɗa.

Mu fara sanin abin kafin hukuncinsa. Lemun tsami, musamman ɓawonsa, yana da sinadarin furokumarin. A inuwa ba ya nuna kansa, sai hasken rana mai suna UVA ya same shi a jikin mutum, sannan ya ƙona fata. Masu gwaji sukan ɗauki ƙwayoyin fata daga ragowar tiyata ko kaciyar jarirai, su raine su a 'yan ƙananan mazubai har su hau kan juna kamar saman fata. Sai a shafa man a kashi biyu, ɗaya a haska masa fitilar UVA, ɗaya a bar shi cikin duhu, washegari a auna ƙwayoyin da suka rayu. OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ta amince da wannan hanya a 2021.

Tsoronki yana da tushe, domin Allah Ya ce Ya girmama 'yan Adam (Isra'i, aya ta 70). Sai dai wannan fata ba ta da rai irin na mutum, ba ta jin zafi, kuma ba kwaikwayon halittar Allah ba ce, halittarsa ce aka ba ta abinci ta yaɗu. Ni a wurina, ɗan yankin fatar da za a binne ya zama sanadin kare fuskokin bayin Allah, wannan ba wulaƙanci ba ne. Ya kuma fi a yi gwajin a kan dabba, a aske zomo a ƙona masa baya, alhali an shigar da mace wuta saboda kyanwa.

Sharaɗin shi ne mai fatar ko waliyyinsa ya yarda, kuma kada a samo ƙwayoyin daga ɗan tayin da aka zubar da gangan, kamar yadda majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta yanke a Makka a 2003. Majalisar fiƙihu ta Jidda ta haramta sayar da sassan jiki tun 1988, amma kuɗin da za ki biya ladan aikin masu gwaji ne.

Inda na fi ji miki tsoro shi ne cinikin da kike yi yanzu. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa: "Babu cuta, babu cutarwa." Kin riga kin ga illar da idonki, a ranar Daura kuwa ba mai iya ɓuya. Ci gaba da sayarwa ba tare da bayani ba algus ne. Ki dakata, ki cire lemun tsamin, ki nemi rajistar NAFDAC. Waccan baiwar Allah kuma ki nemi afuwarta, ki taimaka mata ta ga likitan fata.

Wallahu a'alam.