Haɗa manhajar lissafi da ta kula da ayyuka a kamfanin gyaran gidaje

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin kamfani a Agege, muna gyaran gidaje da shagunan da ambaliya ko gobara ta ɓata: zuƙe ruwa, busar da bango, sauya silin da wayoyin wuta, sannan fenti. Da mu huɗu ne, yanzu mun haura ashirin, kuma da damina aikin Lekki da Ajah kaɗai ya ishe mu. Akantana yana aiki da manhajar lissafi ta QuickBooks, ni ina rubuta ayyuka a Excel, yara kuma suna turo hotuna da rasit ta WhatsApp. Kuɗi suna shigowa, amma ban san aikin da ya kawo riba da wanda ya cinye ta ba. Wace manhaja zan saya ta haɗa mini komai? Daga wani Alhaji a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin ka kashe ko kwabo a kan manhaja, ka fara ba kowane aiki lambarsa. Daga lokacin da mai gida ya kira waya, a buɗe masa lamba, a ce LK-041, kuma lambar nan ta hau kan komai: ƙiyasin kuɗi, kafin alƙalami, rasit ɗin siminti, dizal ɗin janareto, kuɗin leburori, hayar injin zuƙe ruwa, har ladan mota. Duk rasit ɗin da ya zo babu lamba, kada akanta ya karɓa. Abin da ake kira haɗa manhajoji ba wani siddabaru ba ne, aika bayani ne daga wannan zuwa waccan, kuma kwamfuta ba ta gane cewa fentin da aka saya a Mushin na gidan Ajah ne sai da lambar da ta ɗaure su.

Sai maganar rabon aiki, kuma a nan ne na fi ganin kamfanoni suna tuntuɓe. Kowane bayani ya zama yana da gida ɗaya. Sunan abokin ciniki, adireshi, hotuna, ƙiyasi da jadawalin ma'aikata, a manhajar ayyuka za a riƙa shigar da su. Kuɗin da aka biya, haraji, albashi da daidaita lissafi da na banki kuwa, nasu wurin manhajar akanta. Takardar neman biya ta fito daga ɓangaren ayyuka ta wuce wa akanta, labarin an biya kuma ya dawo daga wurinsa. Idan ka bari kowa yana gyara komai a ko'ina, mutum ɗaya zai zama uku: nan an rubuta Alh., can Alhaji, wani wurin kuma sunan shagonsa. Bashinsa ya rabu uku, babu wanda ya san jimla. Don haka ku zauna da akanta ku tsabtace jerin sunaye tukuna, lambar waya ta zama shaidar kowane mutum.

Yanzu ga manhajojin. Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka ɗauki kamfani ɗaya mai komai a ciki, kamar Zoho, inda Zoho Books ke lissafi, Zoho FSM ke kula da ma'aikatan da ke fita aiki, ko Odoo, wanda ke da sassan lissafi, kaya a sito da ayyuka. Sai dai ka lura, Odoo na kyauta ba shi da cikakken sashen lissafi, yana cikin na biya. Ko kuma akanta ya ci gaba da QuickBooks ɗinsa, ka nemo manhajar ayyuka irin Jobber da ke haɗuwa da QuickBooks Online. A nan ka tambayi akanta wanne yake amfani da shi, domin wanda aka girka a kan kwamfuta ɗaya ya fi wuyar haɗawa da wata manhaja fiye da na intanet. Akwai kuma Zapier, da ke shiga tsakanin manhajojin da ba su da haɗi na kai tsaye, amma wani kuɗin wata ne daban, kuma idan ya tsinke dole a samu mai lura.

A ganina, ga kamfani mai girman naka, hanyar farko ta fi kwanciyar hankali. Yawancin manhajojin da aka ƙera musamman don wannan sana'a an gina su ne a kan tsarin inshorar Amurka, inda ake ƙiyasin kuɗin gyara da wata manhaja mai suna Xactimate, kuma da dala ake biyansu. Da yadda canji yake, ka lissafa kuɗin shekara na kowane ma'aikacin da zai shiga manhajar kafin ka sa hannu.

Abu uku za ka gwada kafin ka biya, da aiki na gaske. Na farko harajin VAT na kashi 7.5, wanda ake karɓa a wannan adadi tun Fabrairun 2020: ya fito daidai a ɓangaren ayyuka da na akanta. Na biyu, kamfanoni da dama suna cire harajin WHT, wato kason da ake riƙewa daga kuɗin aikinka a miƙa wa gwamnati, kafin su biya ka, sai kuɗin da ya faɗo banki ya gaza na takarda. Dole manhajar ta iya rubuta gibin a matsayin haraji, ba bashi ba. Na uku, aiki ɗaya mai masu biya biyu, wato kamfanin inshora ya biya wani kaso, mai gida ya cika sauran. Wannan ya zama ruwan dare a sana'arku, kuma ƙananan manhajoji da yawa suna rikicewa a kansa. Ka gwada har da ƙarin aikin da ke ɓullowa daga baya, domin sau da yawa sai an ɓamɓare silin ake ganin katako ya ruɓe. A sabunta ƙiyasi, mai gida ya amince a rubuce kafin a ci gaba.

Kada ka yi wannan sauyi a Yuni ko Yuli, lokacin da waya ba ta hutawa. Ka bari sai rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, ka fara da ayyuka biyar, Excel ɗinka yana tafiya a gefe har wata guda. Ayyukan da ba a gama ba da basukan da ake bin mutane kawai za ka kwasa zuwa sabon tsari.

Tambaya: Malam, ni ce akantar wani kamfani irin wannan a Idi-Araba. Ma'aikatanmu ba sa son cike fom a waya, kuma wani lokaci babu sabis a wurin aiki.

Amsa: Hajiya, kada ki ɗora wa kowa. Shugaban tawaga kaɗai ya riƙe manhajar, kuma abin da zai yi kada ya wuce zaɓar lambar aiki, ɗaukar hoto kafin gyara da bayansa, da ɗaukar hoton rasit. Ki zaɓi manhajar da ke ajiye bayani a waya idan babu intanet, ta tura da kanta in sabis ya dawo. Ki kashe data ki gwada a gabanki. Kowa ya samu nasa sunan shiga, ma'aikatan fili kada su ga riba ko albashin wasu, kuma ranar da mutum ya bar aiki a rufe asusunsa kafin ya fita ƙofa.