Tambayoyinku: Kuala Lumpur da ɗan guzuri, ba tare da ejan ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena zai kammala karatu a wata jami'a a Malesiya, ni aka wakilta daga gida in halarci bikin yaye su. Bayan biki ina da kwana biyar a Kuala Lumpur. Wani ejan ya ce zai haɗa mini otal da mota da ɗan jagora, amma kuɗin da ya yanka sun fi ƙarfin aljihuna. In ban da Umara ban taɓa fita waje ba. Anya zan iya ni kaɗai? Ina zan kwana, me zan ci, me ya kamata in gani?
Daga wani malamin makaranta

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Ka ba ejan haƙuri, za ka iya. Wanda ya fita daga Harami bayan Isha ya gane hanyar masaukinsa, Kuala Lumpur ba za ta gagare shi ba. Gari ne mai jiragen ƙasa ko'ina, allunan hanya da harafin boko ake rubuta su, yawancin mutane suna jin Turanci, kuma mafi yawan abin da ya cancanci kallo ba a biyan ko sisi. Kuɗin baƙo a wuri uku suke zurarewa: hanyar filin jirgi, masaukin da ya yi nisa da tasha, da hawa dogayen gine-gine.

Takardu tukuna. Mai fasfo ɗin Najeriya sai da biza, kuma fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ka riƙe katin allurar shawara. Akwai fom ɗin shiga ƙasa da ake cikewa a intanet cikin kwana ukun da suka gabaci isowarka, sunansa MDAC, kyauta ne a shafin hukumar shige da fice ta Malesiya. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa na 'yan damfara ne. Takardar gayyata daga jami'a, tikitin dawowa da shaidar otal, ka buga su a takarda, kada ka dogara da waya. Sai maganar saƙo. Da an ji za ka yi tafiya za a fara kawo maka ƙunshi a kai wa wane. Duk abin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ya shiga jakarka, ko na wane ne. Dokar ƙwaya a Malesiya tana kai wa ga hukuncin kisa, kuma babu wanda zai saurari "ba nawa ba ne".

Filin jirgin KLIA yana Sepang, wajen kilomita 50 kudu da birni. Jirgin ƙasa mai sauri, KLIA Ekspres, zai kai ka babbar tashar KL Sentral cikin minti 28 a kan ringit 55 (ringit shi ne kuɗin Malesiya). Bas kuwa, wadda ita ma KL Sentral take zuwa, awa ɗaya take ci, kuɗinta bai wuce ringit 15 ba. Mai sanyi ce, kujerunta na da faɗi. Ringit 40 ɗin da ya rage a tsakani abincinka ne na yini guda. In ba da tsakar dare ka sauka ba, shiga bas. Kuɗi ma kaɗan za ka canja a filin jirgi, iya na mota da layin waya. 'Yan canji na cikin gari sun fi bayar da farashi mai kyau.

Wajen masauki sharaɗina ɗaya ne: ya kasance tafiyar minti biyar a ƙafa zuwa tashar jirgi. Ka duba kewayen tashar Masjid Jamek ko Pasar Seni. A nan ƙananan otal-otal suke, galibi daga wajen ringit 80 zuwa 120 a dare, kuma tsohon gari duk yana ƙarƙashin ƙafarka. Otal mai arha da ke can bayan gari, abin da ka rage a ɗaki mota za ta cinye shi har da ƙari. Kafin ka biya ka karanta bayanin ɗakin da kyau, domin da yawa daga ɗakuna masu arha ba su da taga ko ɗaya. Bango huɗu ne da na'urar sanyi, ba ka sanin gari ya waye sai ka duba agogo. Wasu ba su damu ba, ni dai ina ƙara ringit goma in ga rana. Kuma kada ka yi musu idan aka ƙara maka ringit 10 a kowane dare a teburin karɓar baƙi. Harajin yawon buɗe ido ne da ake karɓa daga baƙi tun 2017, ba cuta ba ce.

Ranar farko ka nemi katin Touch 'n Go ka zuba masa ringit 30. Da shi za ka shiga jiragen ƙasan cikin gari na LRT da MRT da jirgin sama-sama mai layi ɗaya da bas-bas, yawancin tafiyar cikin gari ringit biyu ce zuwa huɗu. Inda jirgi bai kai ba, ka kira mota ta manhajar Grab, wadda ke nuna maka kuɗi tun kafin ka shiga. Tasin da ke tsaye ƙofar wuraren baƙi, wanda direbansa zai ce mita ta lalace, ka wuce shi. A hannun hagu suke tuƙi, saboda haka in za ka tsallaka titi dama za ka fara dubawa. Wannan ka sa shi a ranka sosai, ido ya saba da ɗaya ɓangaren.

Ruwan sama ne zai tsara maka yini. Da safe gari garau, zuwa La'asar sai hadari ya haɗu a sheƙa kamar da bakin ƙwarya, awa ɗaya ko biyu a ɗauke. A lokacin kuɗin Grab kan yi tsalle. Ka fita da wuri, yawon ƙafa ya ƙare kafin Azahar, tsakar rana ta same ka a ƙarƙashin rufi.

Yini guda ka ba tsohon gari. Fara da Masjid Jamek, wanda aka buɗe a 1909 daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, wurin da garin ya faro a matsayin sansanin masu haƙar kuza wajen 1857. Ka tsallaka zuwa Dataran Merdeka, filin da aka sauke tutar Ingila a daren 31 ga Agusta 1957, ga ginin Sultan Abdul Samad na 1897 da hasumiyar agogonsa yana fuskantarsa. Central Market wurin tsaraba ne, Titin Petaling kuma kasuwar jabu ce: agogo, jaka, takalmi, duk da sunayen manyan kamfanoni. Ka kalla, in za ka saya ka taya rabi.

Wuri ɗaya da zan ce ka biya kuɗin shiga ba tare da ka yi tunani ba shi ne Gidan Tarihin Fasahar Musulunci, wanda aka buɗe a 1998, kusa da Masjid Negara, babban masallacin ƙasa na 1965 mai rufi kamar buɗaɗɗiyar lema. Kuɗin shiga wajen ringit 20 ne. Akwai zaure guda da aka jera ƙananan siffofin manyan masallatan duniya, har da Harami da Masallacin Annabi, an ƙera su daki-daki, ka tsaya a kansu kana gano ƙofar da ka saba shiga. Akwai zauren Alƙur'anai rubutun hannu, wasu da ruwan zinari, wasu ƙanana ƙwarai, sannan ga rubutun Larabci na Musulmin Sin da aka ja da burushi har ka ɗauka rubutun Sinanci ne sai ka matsa kusa. Kai malami ne, awa uku ba za ta ishe ka ba. Ka shiga bayan Azahar, ruwa ya yi ta zuba a waje.

Tagwayen benayen Petronas kuwa, ra'ayina ba kowa zai so shi ba: kada ka hau. Tsayinsu mita 452, hawa 88, sun riƙe kambun gini mafi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004. Tikitin baƙo na da tsada, sai an kama wuri tun da wuri, ana shiga rukuni-rukuni a ƙayyadadden lokaci. Kuma in ka hau, abin da ka zo gani shi ne kaɗai ba za ka gani ba, tunda kana cikinsa. Ka je lambun KLCC da ke gindinsu gab da Magariba, ka yi salla a masallacin As-Syakirin da ke gefen lambun, ka fito ka tarar an kunna fitilu, ga ruwa na rawa a tafki. Kyauta. Dogon nan mai tsini da za ka riƙa hangowa daga ko'ina kuwa Merdeka 118 ne, mita 679, na biyu a duniya bayan na Dubai.

Abinci. Kada ka ce ƙasar Musulmi ce ka afka ko'ina. Kuala Lumpur na da Sinawa da Indiyawa masu yawa, kuma Jalan Alor, titin abincin dare da kowa ke ɗauka a hoto, yawancin rumfunansa na Sinawa ne, da naman alade da giya. Ka nemi tambarin halal na hukumar JAKIM, ko ka ci inda ka ga Malayawa masu ɗankwali suna ci. Allon da ya ce "babu naman alade" kawai ba shaidar yanka ba ce.

Rufin asirin mai ƙaramin guzuri shi ne shagunan mamak, na Indiyawa Musulmi, da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Da safe roti canai biyu da miyar wake da shayin teh tarik ba za su wuce ringit bakwai ba. Ka ce "kurang manis" in ba ka son zaƙi ya yi yawa, domin hannunsu na da nauyi a madara. Da rana ka nemi nasi campur. Za a miƙo maka faranti da shinkafa, ga tire-tire ashirin ko fiye a jere, kaza, kifi, ganye, ƙwai, ka ɗiba da kanka. Babu farashi a jiki. Mai kuɗi zai leƙa farantin daƙiƙa biyu ya faɗi adadi. Kaza ɗaya da ganye biyu wajen ringit 10 ne. Jatan lande da naman rago su ke harba kuɗi sama, ka tambaya kafin ka ɗiba. Dare ɗaya ka tafi Kampung Baru, unguwar Malayawa mai gidajen katako da ta ƙi tashi duk da benayen da suka kewaye ta, ka ci nasi lemak: shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da soyayyun ƙananan kifi, gyaɗa, ƙwai da yajin sambal. Yajin nasu akwai sukari a ciki, bakinka zai yi mamaki a lomar farko.

Salla ba za ta ba ka wahala ba, kusan kowace babbar kasuwa da tasha akwai ɗakin salla, ka nemi allon da aka rubuta "surau". Agogonsu ne zai ruɗe ka: Asuba wajen ƙarfe shida, rana ba ta fitowa sai bakwai, Azahar bayan ɗaya, Magariba bayan bakwai. Shafi'awa ne, liman zai bayyana Bisimilla, a Asuba kuma za a yi ƙunuti bayan ruku'u da hannuwa a ɗage. Ka bi liman kawai.

TAMBAYA: Anti, ni da yayata za mu je sayen mayafai. Ina ganin hoton wasu matakala masu launi-launi, ana cewa Batu Caves. Wane irin wuri ne, kuma mata biyu za su iya yawo su kaɗai?
Daga wata 'yar kasuwa

AMSA: Hajiya, za ku iya, ba wanda zai kalle ku sau biyu don kun sa hijabi. Batu Caves kogo ne a cikin dutse, kilomita 13 arewa da gari, jirgin KTM Komuter daga KL Sentral yana ajiye mutum a bakin ƙofa a kan ringit uku ko ƙasa da haka. Amma ki san abin da za ki tarar, don hoton ba ya faɗa: wurin bautar mabiya addinin Hindu ne, ana ibada a ciki kullum, kuma a gindin matakalar akwai gunkin Murugan mai ruwan zinari, tsayinsa ya haura mita 42. Hukuncin shiga na malamai ne, ki tambaye su tun a gida. Matakala 272 ce, a 2018 aka yi musu fentin nan, babban kogon kyauta ne. In za ku je, ku isa kafin tara na safe, kuma kada ku riƙe leda a hannu. Biran wurin sun san leda abinci ce, fizgewa suke yi, in kin ja su ja. Lokacin bikin Thaipusam, a Janairu ko Fabrairu, ko masaka tsinke babu.

Jiragen KTM da MRT suna da taragon mata zalla, da alama ruwan hoda a ƙofa. Abin tsoro guda shi ne masu fizgen jaka a kan babur: ki rataya jaka ta ɓangaren bango, ba ta ɓangaren titi ba, fasfo kuma kada ya kwana a cikinta. Mayafai da yadi suna Jalan Tuanku Abdul Rahman da Jalan Masjid India, ranar Asabar da yamma kuma ana cin kasuwar dare a lungun da ke tsakaninsu. Ku zaga shago uku kafin ku fara ciniki, kuma ku tambayi farashin dozin, daban yake da na ɗaiɗai.

TAMBAYA: Yini ɗaya ya rage mini. Putrajaya ko Melaka?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Melaka, ɗana. Putrajaya birnin ofisoshin gwamnati ne. In ka ga Masallacin Putra mai ruwan hoda a bakin tafki ka gama, ga rana ga ƙarancin inuwa, rabin yini ya isa. Melaka kuwa tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da Turawan Fotugal suka ci a 1511, na Holan suka ƙwace a 1641, Ingila ta karɓa a 1824, kowa ya bar gininsa, kuma ana zaga tsohon garin a ƙafa. Bas daga tashar motar TBS da ke Kuala Lumpur awa biyu ce. Tana tsayawa a Melaka Sentral, da ɗan nisa da tsohon gari, sai ka ƙarasa da Grab. In ƙarshen mako ne, ka yanki tikitin dawowa tun da safe, na yamma kan ƙare.