Mai gida ya ba ni kwana 14 in tashi daga gidan abincina

Tambaya: Malam, ina da gidan abinci a shagon da na kama haya na shekara biyar, an ci uku. Rufin kicin ya fara yoyo, na yi ta magana mai gida ya ƙi gyarawa, sai na riƙe kuɗin hayar wata uku. Yanzu ya aiko da takarda, wai in biya cikin kwana 14 ko in tashi. Ni na sa murhu da bututun hayaƙi da tayil da kuɗina. Mene ne mafita?

Amsa: Hajiya, na tausaya miki, domin mai gidan abinci ba ta tashi kamar mai sayar da atamfa. Jarinki a jikin bango yake, masu cinikinki kuma ƙofar nan suka sani. Amma zan gaya miki gaskiya: riƙe kuɗin nan shi ne tsagewar bangon da ƙadangare ya samu. A yawancin yarjejeniyar hayar kasuwanci, biyan haya daban yake, gyaran da ke kan mai gida daban, sau da yawa ma an rubuta cewa ba a zabge komai daga kuɗin haya. Kina iya kasancewa da gaskiya a kan rufin, kuma a fitar da ke a kan bashin.

Don haka kada makon nan ya fita ba ki zauna da lauya ba, kuma wanda ya saba da hayar shaguna da ofisoshi. Doka a wurare da yawa tana kare mai hayar gidan kwana, amma ɗan kasuwa tana ɗaukarsa a wanda ya karanta kafin ya sa hannu. Dokar ma ta bambanta sosai. A Ingila mai gida na iya sauya makulli ba tare da zuwa kotu ba idan yarjejeniya ta ba shi dama, ɗan haya kuma ya roƙi kotu ta mayar masa bayan ya biya. A Amurka, jihar Texas ta yarda a kulle wa ɗan kasuwar da ake bi haya, California kuma ta hana sai da hukuncin kotu. Shawarar maƙwabcin shago ba ta isa a nan ba.

Ki tafi da yarjejeniyar, da rasit ɗin biyanki duka, da hotunan yoyon, da saƙonnin da kika tura masa. Ita ma takardar wa'adin ki rubuta ranar da ta zo da wanda ya miƙo ta. Lauya zai duba ko kwanakin sun yi daidai da abin da aka rubuta, ko lissafin kuɗin gaskiya ne, ko an isar da ita yadda aka tsara. Kuskure a nan yakan sa mai gida ya sake daga farko, amma lokaci kawai zai saya miki, bashin yana nan.

Abin da ya fi damuna shi ne ko kin sa hannu da sunanki kin tsaya wa kasuwancin. In haka ne, ko kin mayar da makulli ana iya bin ki hayar shekara biyun da ta rage, har a taɓa dukiyarki ta gida. Mutane da yawa ba sa tuna sun sa wannan hannun sai sammaci ya iso. Ki ce lauyan ya fara da wannan shafin.

In kuɗin suna hannunki, ra'ayina ki biya cikin wa'adin, tare da wasiƙar lauya mai cewa ba ki yafe maganar rufin ba, sannan ki bi haƙƙinki na gyara da asarar da yoyon ya jawo. In ba su cika ba, da rashin tayi akan bar arha. Shagon da ya zauna babu kowa asara ce ga mai shi, ga kuɗin shari'a. Ki kai masa tayin biya kashi-kashi, a rubuce, kowa ya sa hannu. Ki kula, karɓar wani ɓangare na kuɗi ba lallai ya soke wa'adin ba.

In kuma sammacin kotu ya zo, ki amsa a kan lokaci. Rashin zuwa yakan sa a yanke hukunci a bayan idonki.

Idan ta kama dole a rabu, ki nemi izinin miƙa hayar ga wanda zai sayi kasuwancin, domin kicin da aka riga aka haɗa yana da daraja. Kada ki cire bututu ko tayil da dare: abin da aka kafa a jikin gini yakan zama na mai gida, sai dai in yarjejeniya ko doka ta ba ki. Kuma kada ki miƙa makulli sai da takardar da ta fayyace kayan da za ki ɗauka, da makomar kuɗin ajiyarki, da cewa an sauke miki sauran hayar.