Wakilin suna a gyaran jimlar Turanci

Ƙanena, ka ce kana shirin GMAT, jarrabawar neman shiga karatun kasuwanci na gaba da digirin farko, daga nan Damagaram, kuma "it" da "they" ne suke kayar da kai a gyaran jimla, wato tambayoyin da ake ba ka zaɓi ka ɗauki jimlar da ta fi daidai. Na fahimci damuwarka, don mu da muka yi lakwal da Faransanci duk mun sha wannan wahalar.

Fara da Hausarmu. In aka ce "Sani ya gaya wa Ali ya ci jarrabawa", wa ya ci? Mu a hira mukan gane daga yanayin magana, amma mai jarrabawa yana son wakilin suna ya koma kan suna guda tak, kuma sunan ya kasance a rubuce cikin jimlar. In ka ga wakilin suna, ɗora yatsa a kansa, ka nemo ubangidansa. In ka samu biyu, ko ba ka samu ko ɗaya ba, yi shakkar wannan zaɓin.

Inda aka fi kama mu shi ne adadi. Mun saba cewa "kamfanin sun ƙara kuɗi", saboda mutanen ciki muke hange. A Turancin Amurka kamfani tilo ne, "it" yake ɗauka. Haka jami'a, haka gwamnati. Hausa da Faransanci kowane abu ko namiji ne ko mace, shi ya sa "it" ba ya zo mana a baki da sauri.

Amma ka duba littafin da kake bi. Sabon tsarin GMAT da ya maye gurbin tsohon a 2024 ya cire gyaran jimla gaba ɗaya, kada ka ƙare lokacinka a kai.