Mijina ya faɗi a wurin aiki bayan ya buɗe ƙunshin fentanil, za mu iya kai gwamnatin Amurka kotu?

Tambaya: Barista, mijina jami'in hukumar kwastam da tsaron iyaka ta Amurka ne, wato CBP, yana sashen binciken kayan gidan waya a wani filin jirgin sama. Mako biyu da suka wuce ya buɗe wani ƙunshi, farin gari ya tashi, jiri ya ɗebe shi, aka kai shi asibiti. Ya ce babu nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya irin fentanil ta bugar, a ɗakin. An ce mini akwai dokar da ta tilasta a ajiye shi. Muna so mu kai su kotu su biya diyya.

Amsa: Hajiya, sannu da jinya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Bayani zan yi a dunƙule, don ban ga takardar asibiti ko rahoton wurin aiki ba.

Dokar tana nan. Bayan babban sufeton ma'aikatar tsaron cikin gida ya fitar da rahoto a 2019 cewa ma'aikatan CBP ba su samu isasshiyar kariya daga fentanil ba, wato ƙwayar kashe zafi mai tsananin ƙarfi da ke iya kisa, 'yar majalisa Yvette Clarke ta New York ta kawo ƙudiri, ya zama doka a Disamba 2020. Ta umarci shugaban hukumar ya fitar da ƙa'idar taɓa irin waɗannan ƙwayoyi, a riƙa maimaita horo, a tanadi kayan kariya da nalokson ga jami'ai, har da karnukan bincike.

Sai dai dokar umarni ce ga hukuma. A fahimtata, babu inda ta ba jami'i damar shigar da ƙarar neman kuɗi idan an saɓa mata. Mai bin diddigi shi ne babban sufeto. Ga kuma wata katanga da ta fi wannan tsawo: ma'aikacin tarayya da ya ji rauni a bakin aiki yana ƙarƙashin dokar diyya ta FECA ne, wadda ta samo asali tun 1916, kuma ita kaɗai ce hanyarsa a kan gwamnati. Ba sai ya nuna sakacin kowa ba kafin a biya shi, amma a madadin haka an rufe masa ƙofar ƙarar gwamnati, kuma babu kuɗin "wahala da ɓacin rai". Duk wanda ya yi miki alkawarin miliyoyi daga kotu, ki tambaye shi a wane sashe na doka ya gani.

Abin da ya fi damuna shi ne kwanaki. Tunda abin ya faru a rana ɗaya, fom CA-1 zai cike, a aika fom ɗin ofishin OWCP na ma'aikatar ƙwadago, mai kula da diyyar ma'aikata. Idan ya miƙa cikin kwana 30, yana iya ci gaba da karɓar albashi har kwana 45. Sha huɗu sun riga sun tafi. Bayan haka, idan an amince, ana biyan kuɗin magani da kashi biyu bisa uku na albashi, ko kashi 75 cikin ɗari ga mai iyali. Ban ji kin ce shugabansa ya ba shi fom ɗin ba. In bai ba shi ba, wannan ba daidai ba ne, amma kada ku zauna jiran sa.

Wata magana mai ɗaci, gara ki ji ta daga bakina. A 2017 ƙungiyoyi biyu na likitocin guba a Amurka sun bayyana cewa da wuya taɓa fentanil da fata na ɗan lokaci ya bugar da mutum. Ba ƙaryata mijinki nake yi ba, shaƙar garin da ya tashi wani abu ne daban. Amma mai duba fayil zai iya cewa firgita ce. Don haka a samo sakamakon gwajin jini ko fitsari, da na gwajin garin, likita kuma ya rubuta dalla-dalla cewa abin da ya faru a wurin aiki shi ya jawo ciwon. Takardar da ta ce "mai yiwuwa" kawai ba ta cika wadatarwa ba.

Idan aka ƙi biya, yana da kwana 30 ya nemi zaman sauraro, shekara ɗaya ya nemi a sake dubawa, ko kwana 180 ya ɗaukaka ƙara gaban hukumar ECAB, mai sauraron ƙararrakin diyyar ma'aikatan tarayya. Kotun tarayya, a mafi yawan lokuta, ba ta shiga.

Batun rashin nalokson kuwa, kada a bar shi ya wuce, don gobe wani ne zai tsaya a teburin nan. Shawarata ya fara ta cikin gida: ya rubuta wa jami'in kula da lafiyar ma'aikata, ya tafi da wakilin ƙungiyarsu ta ƙwadago, NTEU, a zauna a gyara. In an yi biris, akwai babban sufeto da hukumar OSHA mai kula da kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, kuma doka ta hana a musguna masa don ya kai koke. Ya ajiye kwafin komai, ya rubuta sunayen waɗanda suke ɗakin ranar, kuma ya guji saka maganar a Facebook kafin ya ga lauyan da ya saba da shari'un FECA.