Falsafar Buddha da ta Turawa: ta ina mai son koyarwa a jami'a zai fara?

Tambaya: Malam, ina shekarar ƙarshe a sashen falsafa. Na karanta cewa David Hume, masanin falsafa ɗan Scotland, da mabiya Buddha duk sun ce babu wani tabbataccen "ni" a cikin mutum. Ina so in ƙware a wannan fanni har in koyar. Hanya ce mai ɓullewa?

Amsa: Tana ɓullewa, ɗan'uwa, amma ƙofarta harshe ne. Gaskiya ne Hume ya rubuta a 1739 cewa duk lokacin da ya leƙa cikin kansa, zafi ko sanyi, so ko ƙi yake tararwa, bai taɓa cin karo da "kai" ɗin ba. Mabiya Buddha suna kiran wannan anatta da harshen Pali, harshen tsoffin littattafansu, suna kasa mutum kashi biyar: jiki, ji, ganewa, ƙudurce-ƙudurcen zuci da sani. Sai dai Hume ya tsaya a ruɗe, har ya amsa a 1740 cewa ya kasa warware matsalar, mabiya Buddha kuwa sun riƙe anatta a matsayin maganin wahala. Wanda fassarar Turanci kaɗai ya dogara da ita, kamannin zai gani, bambancin ya wuce shi. Ka san yadda za a kalli mai ikirarin sanin Ibn Rushd alhali ba ya jin Larabci.

Dubi waɗanda suka yi suna. K. N. Jayatilleke na Siri Lanka ya san Pali da Sanskrit, tsohon harshen malaman Indiya, ya zauna a darussan masanin falsafa Wittgenstein a Kambirij, sannan ya fitar da littafinsa kan ka'idar ilimi a farkon addinin Buddha a 1963. Jay Garfield kuwa ta ɗaya ɓangaren ya shigo: falsafar tunani ya karanta a Pittsburgh, daga baya ya koyi harshen Tibet, ya yi karatu da malaman Sarnath a Indiya, ya fassara littafin Nagarjuna, babban masanin falsafar Buddha, a 1995.

Abin da ke damuna shi ne aiki. Sassan falsafa da yawa suna tura irinka sashen nazarin addinai, can kuma a ce falsafarka ta yi yawa. Don haka ka ƙware sosai a mantiƙi ko falsafar tunani, abin da kowane sashe ke neman mai koyarwa. Ka fara da Pali, ya fi Sanskrit sauƙin shiga, kuma kafin ka nemi gurbin digirin digirgir ka tabbata akwai malamin da zai iya duba aikinka a harshen asali.